Harsashin dalma: awonsa, mansa da dafinsa

A unguwar Dar es Salam ta birnin Yamai, kamar a sauran unguwanni, dalma ba baƙuwa ba ce. Tana cikin tsohon batirin mota da aka jingine a bakin gareji, tana cikin batirin da ke adana wutar hasken rana a ɗaka, tana kuma jikin tarun masuntan kogin Isa. Da wannan ƙarfe ne mahalba suke zuba harsashi tun zamanin kakanni. A ido aikin yana da sauƙi: a narka, a zuba a mazubi, a bari ya huce. Amma harsashin da aka zuba bai zama harsashin kirki ba sai an auna kaurinsa da bututun bindigar da zai bi, an kuma shafa masa man da ya dace. In aka yi sakaci da ɗayan biyun nan, bindiga takan juya wa mai ita baya. In kuwa aka yi sakaci da ita kanta dalmar, cutar tana faɗawa kan yaran gida, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Wace dalma ake nufi

Hausawa suna kiran ƙarfe fiye da ɗaya da sunan dalma. Tukunyar girki mara nauyi da ake zubawa a kasuwar Katako ana ce mata tukunyar dalma, alhali kuwa ƙarfenta alminiyom ne. Dalmar da ake magana a nan ita ce mai nauyi, mai launin toka, wadda farce ke iya yi wa zane, wadda ake kira plomb da Faransanci.

Halayenta ne suka sa aka zaɓe ta domin harsashi. Tana narkewa da zafi digiri 327, watau garwashin gawayi ya ishe ta, alhali baƙin ƙarfe sai zafi ya wuce digiri 1500. Tana da nauyi ƙwarai: cikin lita ɗaya na dalma ya kai kilo 11 da ɗoriya, na baƙin ƙarfe kuwa bai cika kilo 8 ba. Domin haka ɗan ƙaramin dunƙulenta yana keta iska ya yi nisa ba tare da ƙarfinsa ya ƙare da wuri ba. Sa'an nan tana da taushi, tana bin siffar bututu ba tare da ta kankare shi ba.

Yadda bindigar ɗuri ta zauna a ƙasar Hausa

Bindigar da ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, wadda waɗansu ke kira adaka, waɗansu bindigar toka, ta shigo Afirka ta yamma ta hanya biyu. Ta arewa ayari ya kawo ta daga Tarabulus ta cikin hamada. Ta kudu kuwa jiragen ruwan Turawa ne suka sauke ta a gaɓar teku, har sunan ƴan kasuwar Danmak, masu sansani kusa da Akara, ya bi irin doguwar bindigar nan a bakin Ingilishi. Da yawa daga cikinsu a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljika aka ƙera su.

Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu cikin 1884, ya tara dakaru masu bindiga dubbai. Ya sa maƙeran birninsa suka zuba igwogi, ana kuma haɗa albarushi a nan Zinder. Cikin 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burusel, suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar musu tsofaffin bindigogin ƙyastu da albarushin kasuwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa bindigar ɗuri ta daɗe a hannun mahalban Afirka bayan Turai ta yar da ita, har maƙeran gida suka gwanance wajen gyaranta da ƙera irinta.

Dalma kuwa ba kullum ake samunta ba. In ta yi wuya, sai a ɗura guntayen ƙarfe, ko ƙusoshi, ko tsakuwa. Irin wannan ɗuri yana cin cikin bututu, yana kuma iya maƙalewa. Labarin bindigar da ta fashe a hannun mai ita tsohon labari ne a duk inda aka san adaka.

Batun awo

Bututun bindiga iri biyu ne, kowane da awon da yake so.

Na farko shi ne bututu mai santsi, irin na adaka. Tun da ta baki ake tura harsashi, dole ya gaza faɗin bututun. Bindigar sojan Ingila ta ƙarni na 18 faɗin bututunta milimita 19 ne, harsashinta kuwa milimita 17 da rabi. Wannan rata tana sauƙaƙa ɗuri a fagen fama, amma tana da tsada. Wani kashi na ƙarfin albarushi yana zurarewa ta gefe, harsashi kuma yana tafe yana karo da bangon bututu, sai ya fita ta inda karon ƙarshe ya jefa shi. Abin da ya wuce mita 100, sai dai sa'a. Mahalba, waɗanda halbi ɗaya gare su kafin nama ya gudu, sun magance wannan da naɗe harsashi cikin ɗan ƙyalle ko fata mai maiƙo, domin ta toshe ratar.

Sai dai matsewa ma tana da nata haɗari. Kowane halbi yana barin toka a cikin bututu, bututun yana ƙara ƙunci. Harsashin da ya shiga da ƙyar a ɗurin farko yana iya tsayawa a tsakiyar hanya a ɗuri na biyar. In aka bar sarari tsakanin albarushi da harsashi aka kuma halba, ƙarfin wutar yakan taru wuri ɗaya, bututu ya kumbura ko ya tsage. Yatsun hannun da ke riƙe da bututun da idon mai halbi su ne na farkon biyan wannan bashi.

Na biyu shi ne bututu mai tsagi murɗaɗɗe a ciki. Tsagin yana sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, juyawar kuwa ita ke tsayar da shi bisa hanya. Amma tsagi ba ya aiki sai harsashi ya cika bututun ya kama shi. An daɗe ana neman harsashin da zai shiga ta baki da sauƙi, ya kuma cika bututu a lokacin fita. Wani hafsan sojan Faransa mai suna Claude-Étienne Minié ya kammala maganin matsalar wajen 1849. Ya yi harsashi mai tsini, gindinsa da rami. Da wuta ta tashi sai ta buɗa gindin ya kama tsagi. Da irin wannan harsashi aka yi yaƙin Kirimiya daga 1853 zuwa 1856, da yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865, soja yana samun abin da ya auna daga nisan mita ɗari uku ko fiye.

Bindigar da ake ɗura wa ta gindi ta juya ƙa'idar. A nan ana son harsashin dalma ya ɗara faɗin bututu kaɗan, misalin kashi 1 cikin 40 na milimita, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. In ya gaza, iskar wuta mai zafi takan bi ta gefensa, ta kwashi dalma ta shafe cikin bututu da ita. Bayan ƴan halbi kaɗan sai tsagi ya cike, harsashi ya daina zuwa inda aka nufa.

Abin da ya sa awo ya zama tilas shi ne mazubi ba ya haifar tagwaye. Dalma tana tsukewa in ta huce. Tsantsarta ta fi tsukewa, wadda aka gauraya da kuza ko antimoni domin ta yi tauri kuwa takan fito da ɗan kauri. Mazubi mai sanyi yana ba da harsashi mai tamoji. Ɓangarori biyu na mazubin in ba su haɗu daidai ba, harsashi ba ya fita kewayayye. Wani kuma yakan fito sumul a waje alhali da kumfar iska a cikinsa. Domin haka masu sana'ar suke ɗora kowane harsashi a sikeli, wanda ya gaza nauyin ƴan'uwansa a mai da shi tukunya. Waɗanda suka tsallake sai a tura su ta cikin wani zoben ƙarfe mai tauri, wanda ke matse su duka zuwa kauri guda. Ido da tafin hannu ba su iya gane bambancin kaurin gashi. Aikin yana bukatar ma'auni, da mutumin da ya iya karanta lambobin da ke kansa ya kuma rubuta su domin gobe.

Batun mai

Man harsashi aiki biyu yake yi. Baƙin albarushi in ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, toka yake zama. In tokar ta bushe takan daskare a bututu kamar ƙanzo a gindin tukunya. Maiƙo yana sa ta zauna da taushi, harsashi na gaba ya share ta yana wucewa. Aiki na biyu, yana shiga tsakanin dalma da ƙarfen bututu, ya hana ta mannewa. Shi ya sa ake yi wa dogon harsashi ƴan tsagogi a ƙugu, inda man zai zauna.

Tun da can kitsen dabba da kakin zuma su ne jigon wannan mai. Kitse yana da laushi amma ba ya jure zafi. A ƙasa mai bazara irin ta Sahel yakan narke a cikin jaka, ya tsiyaye ya bar harsashi tsirara, ko ya jiƙa albarushi ya kashe shi. Kakin zuma ya fi jure rana, saboda haka gwargwadon zafin ƙasa gwargwadon yawan kakin da ake ƙarawa. Kitse mai gishiri yana jawo tsatsa. Man inji kuwa, in ya gamu da tokar baƙin albarushi, yakan zama wani abu kamar kwalta mai wuyar kankarewa.

Wanda ya ɗauki man harsashi ƙaramin al'amari, sai ya dubi abin da ya auku a Indiya. Cikin 1857 kamfanin Ingilishi da ke mulkin ƙasar ya fara raba wa sojojinsa sabuwar bindiga ƙirar Enfield. Harsashinta da albarushinsa suna naɗe cikin takarda mai maiƙo, soja kuma sai ya yaga takardar da haƙori kafin ya ɗura. Sai magana ta bazu a barikoki cewa maiƙon kitsen saniya ne da na alade. Saniya abar girmamawa ce ga Hindu, alade kuwa haramun ne ga Musulmi. A barikin Mirut mahaya 85 suka ƙi karɓar harsashin. Aka yanke musu hukuncin ɗauri, aka sa musu mari a gaban ƴan'uwansu ran 9 ga watan Mayu. Kashegari bariki ya yi bore, sojoji suka nufi Delhi, wutar ta kama arewacin ƙasar. Akwai tsofaffin ƙorafe-ƙorafe a ƙasa, na ƙwace sarautu da na haraji, amma maiƙon nan ne ya ƙyasta ashana. Cikin 1858 aka karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfanin aka mai da shi hannun gwamnatin Ingila.

Yaƙin ya koya wa Ingilishi wani darasi kuma. A zafin Indiya harsashin yana maƙalewa a bututu bayan ƴan halbi. Daga baya suka rage kaurinsa daga milimita 14.4 zuwa 14, suka kuma koma ga kakin zuma. Rabin milimita bai cika ba, amma shi ne tsakanin bindiga mai aiki da sanda.

Inda sana'ar take a yau

Sojojin duniya sun bar tsurar dalma tuntuni. Cikin 1884 wani masanin Faransa, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi mara hayaƙi, cikin 1886 kuma aka fito da bindigar Lebel mai aiki da shi. Gudun da sabon albarushin ke bai wa harsashi ya fi ƙarfin dalma, dole aka sa mata rigar ƙarfe mai tauri. Wannan albarushi ƙarfinsa ya ninka na baƙi. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye garinsa cikin bindigar ɗuri ya haƙa wa kansa rami, domin bututunta ba a yi shi domin wannan nauyi ba.

Zubin harsashi ya rage a hannun mahalba da masu wasan halbi, musamman a Amurka da Turai, bisa dokokin ƙasashensu. Cikin 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a Amurka domin ƙera musu kayan aiki, kamfanin Lyman kuma ya gaje shi cikin 1925. Akwai ƙaramin inji da ake kafawa a kan tebur, wanda da jan hannu ɗaya yake matse harsashi zuwa awonsa ya kuma cusa mai cikin tsagoginsa. A shekarun baya-bayan nan waɗansu sun bar mai sun koma ga wani fenti na gari da ake gasawa a jikin harsashi.

Abin lura a nan shi ne, a waɗancan ƙasashe bindigar kanta ana jarraba ta. Faransa tana da gidan gwajin bindiga a Saint-Étienne tun 1782, Ingila tana da nata a Bamingam tun 1813. Ana ɗura wa bututu abin da ya fi ƙa'ida a halba shi a ɗaki rufaffe, in ya jure a buga masa hatimi. Bututun da aka yanko daga famfon ruwa ko sandar sitiyarin mota bai ga irin wannan gwaji ba. Komai kyan awon harsashi, ba ya mai da rarraunan bututu ƙaƙƙarfa.

Dafin da ba a gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwadon dalma a jikin mutum da za a ce ba ya cutarwa. Tana shiga ta numfashi in ana narka ta, tana shiga ta baki in ƙurarta ta sauka a hannu, ko kwano, ko ƙasar tsakar gida inda yaro ke rarrafe. Jikin yaro ya fi na babba tsotsar ta. Kaɗan daga cikinta yana dushe ƙwaƙwalwa, yaro ya taso karatu na yi masa wuya, ba wanda ya san dalili. Mai yawa kuwa yana kawo ciwon ciki, amai, ƙarancin jini, farfaɗiya da mutuwa. Ga manya tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda, ga mata masu ciki kuma ɓari. Gwajin jini a asibiti ne kaɗai ke tabbatar da ita.

Maƙwabta sun riga sun ɗanɗana. A Tiyaroy, gefen birnin Dakar, mutane sun riƙa fasa tsofaffin batura suna tace ƙasar wurin domin su sayar da dalmar. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwa ɗaya. A jihar Zamfara ta Najeriya, cikin 2010, likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka gano cewa dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Cikin 2020 asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 3 a duniya, wajen miliyan 800, yana da dalma a jininsa fiye da kima.

A duka wuraren biyu aikin neman abinci ne aka shigo da shi tsakar gida. Mai narka dalma domin harsashi ko domin taru, in ya hura wutarsa kusa da murhun girki, hanyar nan ya bi. A unguwa mai cunkoso irin Dar es Salam, inda katanga ɗaya ke raba gida da gida, hayaƙi da ƙura ba su san iyaka ba. Dalmar batir ta fi kowace muni, domin ban da ruwan batir mai ƙuna, akwai waɗansu sinadarai gauraye da ita, waɗanda dattinsu in ya jiƙe yake fid da iska mai kisa. Ɗigon ruwa guda kuma in ya nutse cikin narkakkiyar dalma, yakan watsa ta a fuskar mai aiki.

Rigakafin a bayyane yake. Ba a narka dalma a ɗaki ko inda yara ke wasa. Tukunya da ludayin da suka taɓa ta sun rabu da abinci har abada, kuma bai kamata guntunta ya shiga cikin ƙarfen da za a zuba tukunyar girki da shi ba. Mai aikin ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko goro, ya tuɓe tufafin aiki kafin ya ɗauki ɗansa. Ɗabi'ar riƙe harsashi a baki domin saurin ɗuri, ko matse dalmar taru da haƙori, abar bari ce. Tsohon batir kuwa kada a fasa shi a gida.

Daji da doka

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Harsashin dalma in ya sami dabba yakan tarwatse, ƴan ɓarɓashinsa su watsu cikin nama nesa da bakin rauni. Domin haka ake yanke naman da ke kewaye da hanyar harsashi a binne shi, kada yaro ko mai ciki su ci. Ungulu da ta ci gawar dabbar da aka halba takan sha dafin, haka ma agwagwar ruwa da ke tsintar ƙananan harsasai a taɓo tana zaton tsaba ce. Saboda wannan Amurka ta hana halbin tsuntsayen ruwa da dalma cikin 1991, Danmak ta hana ƙananan harsasan dalma a farauta cikin 1996, Tarayyar Turai kuma ta hana su a fadamu da tafkuna daga 2023. Da yawa daga tsuntsayen da ke sauka a kwarin kogin Isa da sanyi daga can Turai suke tasowa.

A Nijar doka mai lamba 98-07 ta ran 29 ga watan Afrilu 1998 ita ta tsara farauta da kiyaye namun daji. Farauta tana bukatar takardar izini, akwai dabbobin da ba a taɓawa sam, akwai kuma wurare irin gandun W da ba a halbi a cikinsu. Riƙe bindiga da harsashi ma sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI domin tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. A wannan zamani da ƙasashen Sahel ke fama da masu ɗauke da makamai, mahalbi na gaskiya shi ya fi kowa bukatar takardunsa su cika, domin a bambanta shi da ɓata-gari. Ma'aikatan ruwa da daji su ne ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Aikin faɗakarwa yana wuyan sarakunan baka da na maƙera, da masu unguwanni, da jami'an kiwon lafiya. Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci su ma suna da rabonsu, domin su ne ke iya karanta wa maƙwabci lambar ma'auni, da takardar doka, da sakamakon gwajin jinin yaro. In kunne ya ji, jiki ya tsira.